Filin Tambaya da Amsa: Rayuwar mawaƙiyar buluz a dandamalin Zariya

Wasiƙun wannan karon duk daga Zariya suka zo, kuma a kan magana ɗaya. Wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo na sa-kai, wadda ta haɗa malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa, tana shirya wasa mai waƙoƙi a kan rayuwar Bessie Smith, baƙar fatar Amurka da ta yi tashe a waƙar buluz cikin shekarun 1920. Mun taƙaita wasiƙun, masu aikin dandamali da kiɗa da ke kula da wannan fili suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne mai ba da umarni. Mu 14 ne. Na rubuta fitowa 22, tun daga haihuwarta har rasuwarta. Da muka gwada daga farko zuwa ƙarshe sai da muka ci awa uku, kuma kowa ya ce fitowarsa ba ta yankuwa. Me zan zubar?
Mai ba da umarni, Sabon Gari

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka rubuta tarihi ne aka raba wa mutane su karanta a tsaye. Ɗan kallo ba zai ba ka awa uku ba. Minti 90 za ka nema, ga kuma lissafinsu: waƙa 8, kowace minti 3, ya kama minti 24. Sauya kayan dandamali sau 7, kowane minti ɗaya. Abin da ya rage wa magana bai kai awa guda ba. Riƙe agogo a karanta rubutun da babbar murya, duk abin da ya haura minti 55 ya fita.

Ma'aunin yankan shi ne: a wace fitowa ce wani abu ya sauya mata, har ta rasa bakin magana sai waƙa? Da wannan ma'auni, 8 sun ishe ka.

Ka buɗe da titin garin Chattanooga na jihar Tenesi, inda aka haife ta a 1894. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, yayarta Viola ce ta riƙe su, ita kuma tana waƙa a bakin titi, ɗan'uwanta Andrew na kaɗa jita, masu wucewa na jefa musu kwabbai. Daga nan sai 1912, lokacin da ta shiga ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari. A matsayin mai rawa aka ɗauke ta, domin ayarin na da mawaƙiyarsa, Ma Rainey. Wannan fitowa ce mai daɗi: yarinya na rawa a baya, idonta na kan babbar da ke gaba.

Ta uku ita ce ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin Columbia a New York, Fabrairun 1923. Kada ka sa makirufo a nan. A lokacin cikin wani babban mazurari ake waƙa, ƙarfin muryar ne da kansa ke motsa allurar da ke zana faifan. Ɗauka da lantarki sai 1925. Kwali da fenti sun isa a yi mazurarin. A nan kuma za ka dasa maganar da za ta fi taɓa duk wanda ya san harkar waƙa a ƙasar nan: kuɗin kowace waƙa ake ba ta sau ɗaya, ba ta da kaso a cinikin faifan, komai yawan da aka sayar.

Sai lokacin ganiyarta, da aurenta da Jack Gee a 1923, da taragon jirgin ƙasa na kanta da take yawo da jama'arta a ciki. Ka nuna dalilin taragon, kada a ɗauka alfahari ne kawai: a kudancin Amurka na wancan zamani doka ta raba baƙi da farare, masaukai da yawa ba sa karɓar baƙar fata ko da kuɗinsa a hannu. Ta biyar, labarin da masu tarihinta suka ruwaito na daren da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farare masu ƙin baƙar fata, suka zo tumɓuke turakun tantin da take wasa a 1927, ta fito ta daka musu tsawa suka watse. Ta shida, rabuwar auren a 1929, da karyewar tattalin arzikin Amurka a wannan shekarar, da sallamar da Columbia ta yi mata a 1931. Ta bakwai, ɗaukarta ta ƙarshe a 1933. Ta takwas, mutuwa.

A kan mutuwar nan ka yi hattara, don akwai labarin da ya bazu wanda ba haka yake ba. An daɗe ana cewa asibitin farare ne ya ƙi karɓarta har jini ya ƙare mata, kuma wasan da Edward Albee ya rubuta a 1959 ya ƙara yaɗa shi. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, ranar 26 ga Satumba 1937 motar da masoyinta Richard Morgan ke tuƙa ta a ciki ta bugi wata babbar mota a kan hanya mai lamba 61, tsakanin Memphis da Clarksdale ta jihar Misisipi. Aka kai ta asibitin baƙaƙe na Clarksdale, aka yanke mata hannun dama, ta cika da safiyar ranar, tana da shekara 43. Gaskiyar ma ta isa ta sa mutum hawaye, ba sai an yi mata ƙari ba. Kabarinta kusa da Filadelfiya ya zauna ba ko alama har 1970.

Shekarun da ka tsallake fa? Ba wa mutum ɗaya aikin sanƙira. Wasannin tanti na Amurka suna da mai shela da ke gabatar da mawaƙi, mu ma mun san sanƙira, don haka ba baƙon abu ba ne ga ɗan kallon Zazzau. Jimla uku daga bakinsa sun haye shekara goma. Waɗanda aka yanke wa fitowa su zama 'yan amshi da jama'ar tanti. Za su yi gunaguni mako ɗaya, su haƙura.

TAMBAYA: Ni aka ɗora wa waƙoƙin. Wasu sun ce mu rera nata da Turanci yadda suke, wasu sun ce in fassara. Na gwada fassarar, amma kalmomin sun ƙi zama a kan kiɗan, in kuma suka zauna sai ma'anar ta karkace. Ina mafita?
Ɗalibi mai rubuta waƙa, Samaru

AMSA: Ɗan'uwa, bar fassarar, rubuta sababbi da Hausa a kan ginin buluz. Dalili biyu ne. Na farko, a irin wannan wasa waƙa ce ke ɗauke da labari. In 'yan kallo ba su ji kalmomin ba, minti 24 na wasanku sun tafi a banza, za ka ga an fara duba waya. Na biyu, haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana kare waƙa tsawon ran mai ita da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa, kuma fassara ma sai da izini. Da yawa cikin waƙoƙin da Bessie ta rera ba ita ta rubuta ba. Wadda ta fara fito da ita a 1923, Alberta Hunter na cikin marubutanta, ita kuwa sai 1984 ta rasu. W. C. Handy, mai “St. Louis Blues”, ya rasu a 1958. Ginin buluz kansa ba na kowa ba ne. Haka nan kada a kwashi zance daga fim ɗin da aka yi a kanta a 2015.

Ga ginin. Baiti ɗaya awo 12 ne, kowane awo bugu 4, jimla bugu 48. Kod (wato sautukan da ake dannawa tare a kibod) uku kacal ake juyawa. In a kan C kuke: awo 4 a C, 2 a F, 2 a C, 1 a G, 1 a F, 2 a C. Ɗango uku ne a baiti, kowane ya sami awo 4. Ɗango na farko ya faɗi damuwa, na biyu ya maimaita shi da ɗan sauyi, na uku ya ba da amsa ko ya juya zancen, da amsa-amo iri ɗaya. Misali, a ce ayari ya gudu ya bar ta a tasha:

Jirgi ya tashi da dare, ya bar ni da tabarma,
Na ce jirgi ya tashi da dare, ya bar ni da tabarma,
Wanda zan roƙa, shi ma yana neman alfarma.

Inda aka fi faɗuwa shi ne cika awo huɗun nan da kalmomi. Murya tana cin awo 2 da ɗan ɗoriya ne kawai, sauran na abin kiɗa ne ya amsa mata. Wannan gurbin shi ne amshi, sai dai maimakon 'yan amshi, ƙaho ko tsirkiya ke yi. Saboda haka ɗango kada ya wuce gaɓa 12 zuwa 15. Ka ƙirga na farko a misalin nan, 15 ne. In ka kai 20, mawaƙiya za ta riƙa haɗiye kalmomi, ba ta da wurin numfashi, waƙar ta koma karatun sauri.

Karkacewar ma'ana da ka gani kuwa daga karin sauti take. Muryar buluz tana son gangarowa a ƙarshen ɗango, ita kuma Hausa hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma. Ɗauki “kuka”, wadda ba makawa za ta shigo irin wannan waƙa. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Ka sauke ta biyun, ka koma kukar miya. Mawaƙiya na tsakiyar baƙin ciki, wani shaƙiyyi a kujerar baya ya ce a kawo tuwo, shi ke nan an ɓata fitowar. Magani: ka fara faɗin ɗangon da baki kamar kana zance, ka ji inda murya ke hawa da sauka, sannan ka ɗora karin waƙar a kan wannan. In kalmar ƙarshe tana ƙarewa a sama, kamar tabarma da alfarma, a gangaro kafin a iso ta, a riƙe gaɓoɓinta biyu na ƙarshe a kan sauti ɗaya, a bar wa abin kiɗa ya ƙarasa saukar. Haka ma tsawon wasali: inda za a ja murya, ka tabbata gaɓa mai nauyi ce ta faɗa wurin. In ka ja “ga” ta gari, ka mai da birni garin tuwo.

Tsawon waƙa: a gudun bugu 72 cikin minti, baiti ɗaya daƙiƙa 40 ne. Baiti 4 da ɗan share fage sun ba ka kusan minti 3, daidai da abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho ke ɗauka a zamaninta. Kada ka wuce nan. Kuma kada duk takwas ɗin su zama na kuka. Buluz na da habaici da barkwanci da bugun ƙirji, kamar dai yadda matan amada ke yi. Biyu aƙalla su zama masu zafi, a sa ɗaya a fitowar tanti.

In kuna son a ji muryarta ta ainihi, daƙiƙa 20 na faifanta a fitowa ta uku sun wadatar. Tunda za ku sayar da tikiti, ku fara jin ta bakin lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

TAMBAYA: Gaisuwa da fatan alheri. Muna da mai kibod ɗaya. Ba mu da mai busa ƙahon Turawa. Akwai wani dattijo mai kukuma da yaronsa mai kalangu da suka yarda su taimaka. Zai yiwu, ko za mu ɓata abin?
Mai kula da kiɗa, Tudun Wada

AMSA: Zai yiwu, Malam, har ma ya fi a ɗauko mai ƙaho wanda bai ƙware ba. Faifan Bessie na farko piyano kaɗai ke raka ta. A na 1925 da ta yi da Louis Armstrong, shi yana amsa mata da ƙaramin ƙaho, wani na danna hamoniya, wato abin kiɗa mai maɓallai irin na kibod, ba ganga ko ɗaya. Ke nan ba taron makaɗa ake bukata ba.

Daɗin buluz yana cikin wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallan kibod, musamman na uku da na bakwai a tsani, waɗanda ake ɗan sassauto da su. Kibod ba ya iya lanƙwasa su. Kukuma kuwa ba ta da matakala a wuyanta, yatsa na zamewa a kan izga yadda ya so, don haka ita ce ta dace da gurbin amshi. Kada a rubuta wa dattijon komai. Mawaƙiya ta rera ɗango, shi ya maimaita mata da tsirkiya, kunnensa zai kai shi. Aikinku ɗaya ne: ku nuna masa inda zai shiga da inda zai tsaya, don ya saba kiɗan da ba a ƙirga masa awo.

Mai kalangu ya raba kowane bugu gida uku, ya buga na farko da na uku, dogo da gajere. Wannan tafiyar ba baƙuwa ba ce a hannunsa. Matsalarsa ƙarfi ce: kalangu na filin biki ne, cikin ɗaki zai danne murya. Ya koma can baya, ba makirufo, ya sassauta hannu. Mai kibod ya kashe gangar da ke cikin na'urar. In ta kama gudu ɗaya ba ta jiran kowa, ita kuwa mawaƙiyar buluz tana jan jiki a bayan bugu da gangan. A ɗaure kukuma daidai da kibod minti 10 kafin a fara, a sake dubawa a tsakiyar wasa. Fata da izga suna bin yanayi, a hunturu su ɗaure, da damina su saki.

TAMBAYA: Ni ce zan fito a matsayin Bessie. Ina sauraron faya-fayanta ina kwaikwayo, amma bayan gwaji na uku muryata ta dishe. Saura mako shida.
Malamar firamare, Gyallesu

AMSA: Malama, daina kwaikwayon. Ita muryarta mai kauri ce, ta kuma gina ta shekara da shekaru tana cika tanti ba makirufo. In kika matse maƙogwaro don ki samo wannan kaurin, dishewa ce sakamakon, musamman ga wadda ta wuni tana magana a aji.

Ki huta kwana biyu ko uku, ba waƙa, ba raɗa, don raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro. Sannan ki rera kowace waƙa ba kiɗa, a inda ya yi miki daɗi, mai kibod ya biyo ki. Yana da maɓallin sauke sautin waƙa gaba ɗaya; mataki biyu ko uku ƙasa sukan warware matsalar. Alamar an dace: sautinki na ƙasa ana jinsa a kujerar baya, na sama kuma jijiyar wuya ba ta tashi. Kafin kowane gwaji ki yi minti 10 kina gunji a hankali baki rufe, daga ƙasa zuwa sama. Ki riƙa kurɓar ruwa tun safe, ba sai an zo fage ba, in hunturu ne ki rufe hanci da baki a kan hanya. A gwaji, sau ɗaya za ki rera kowace waƙa da cikakken ƙarfi, sauran da rabin murya.

Ki gaya wa mai ba da umarni kada ya jera miki waƙa uku a jere, kuma takwas ɗin ba duka naki ba ne: ta farko ta yarinyar da ke Bessie ƙarama ce, ta biyu ta Ma Rainey, ɗaya ta 'yan amshi. Biyar sun rage miki. A kuma tanadi wata ta koyi naki, don mura ba ta sallama. In dishewar ta wuce mako biyu, ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

TAMBAYA: 'Yata tana cikin wasan. Na ji an ce matar nan mashayiya ce. Me za a sa yaranmu su yi a gaban jama'a?
Wani uba, Birnin Zariya

AMSA: Ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take. Gaskiya ne ta sha giya, ta yi faɗace-faɗace, aurenta ya sha rikici, kuma in aka goge wannan an yi wa tarihi ƙarya. Amma ba dole a sha a dandamali ba. A nuna abin da shan ya jawo: jama'a sun cika tanti, makaɗa na maimaita share fage, ita ba ta fito ba, mai shela na ta kame-kame. Wannan ya fi kwalba a hannu isar da saƙo. Sutura kuwa, hotunanta da yawa doguwar riga ce da duwatsun wuya da adon gashin tsuntsu a ka, ana iya ɗora shi a kan ɗankwali. Shawararmu ga ƙungiyar, ta gayyaci iyaye da mazaje gwaji ɗaya tun da sauran mako uku, kowa ya gani da idonsa. Kai ma, Baba, ka nemi a ba ka rubutun ka karanta.

TAMBAYA: Zauren makaranta muka samu, rufin kwano, yana cin mutum kamar 200. Me za mu haya, kuma yaushe ya fi?
Ma'ajin ƙungiya, Kwangila

AMSA: Kafin ku biya kuɗin zauren, ku tambayi Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ko za a ba ku aron gidan wasansu na Samaru, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe. 'Yan kallo na kusa da 'yan wasa a can, murya ba ta bukatar na'ura da yawa.

In zauren ne, ku guji Yuli zuwa Satumba; ruwa ɗaya a kan kwano ya gama da wasan. Ku fara da ƙarfe 4:15 bayan la'asar, ku tashi kafin magariba. Wannan na nufin da hasken rana za ku yi, to kada ku kashe kuɗi a fitilu masu launi, kuma kada ku tsara fitowar da ta dogara da duhu. Haɗarin mota ma ba ya bukatar mota: kiɗa ya yanke a tsakiyar baiti, mai shela ya fito ya faɗi abin da ya faru.

Kayan sauti: sifika 2, ƙaramar miksa (na'urar haɗa sautuka da daidaita ƙarfinsu), makirufo marar waya ɗaya na mawaƙiya, biyu a kan sanda a gaban dandamali, ɗaya na kukuma. Sifikun su tsaya a gaban layin makirufo suna fuskantar jama'a. In suka koma bayansa, makirufo zai riƙa jin abin da suke fitarwa yana mayar musu, shi ne ƙarar nan mai tsaga kunne. Bangon siminti yana dawo da amo ya cakuɗa kalmomi, ku rataya darduma ko barguna a bangon baya. Zaure in ya cika da mutane yana shanye sauti, don haka abin da kuka saita da rana ba kowa sai an ɗan ƙara shi. Mai miksa ya zauna a tsakiyar 'yan kallo, ba a gefen dandamali ba. A sa sabon batir a marar wayar kafin kowane wasa, wani na aljihun mai miksa.

Janareta ya yi nisan aƙalla mita 25, a bayan gini, da waya mai kauri. Ku tara adadin wat da ke rubuce a bayan kowace na'ura, ku ƙara rabinsa a kai, shi ne ƙarfin da za ku haya. Mai 5kVA yana ba da kimanin wat 4,000. Ku tashe shi tun kafin a fara, ku yi wasan gaba ɗaya a kansa ko da akwai wuta, don sauyawa a tsakiyar waƙa na kashe kibod, ya kuma goge matakin sautin da aka saita wa mawaƙiya. A rubuta lambar matakin kowace waƙa a takarda, a manna a jikin kibod ɗin.